Ranar da Jakamarra Ya Ba Surukarsa Hanya

Desmond Jakamarra bai taɓa niyyar zama direba ba. Yana saurayi dawakai yake horarwa a wurin kiwon shanun wani Bature, har ranar da wata goɗiya ta yar da shi ta karya masa ƙugu. Ya warke da ɗingishi. A shekarar ce majalisar ƙauyen Wirrinji ta samo wata farar bas, aka duba garin kaf, aka ga shi kaɗai ke da lasin kuma ba ya shan giya. Tun daga nan ya zama shi ne hanya. Litinin ya kwashi mutane zuwa birnin Alice Springs, wuni guda a kan jar ƙasa mai gargada, Talata ya juyo da su. Masu zuwa asibiti, masu zuwa kotu, iyayen da 'ya'yansu ke tsare, duk bayansa suke zama. A dawowa bas ɗin kan cika da buhunan fulawa da barguna da wutsiyar kangaru mai ƙanƙara, naman dajin da ake so a ƙasarsu.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa taka bas ɗin ba, ita ce Nangala, uwar matarsa Lorna. A al'adarsu suruki da suruka ba sa haɗa ido, ba sa magana, ba sa zama a inuwa ɗaya, balle mota ɗaya. In ya hango ta a ƙofar kanti sai ya juya baya, ya zaga ta bayan tankin ruwa har ta wuce. Ita ma haka. Amma in ya harbo kangaru, cinya mafi kyau Lorna ke kai mata, ita kuma ta aiko da burodin da ta gasa a toka, ta ce a gaya wa wancan, don ba ta kiran sunansa, ya ci da zafinsa. Haka suka yi zamansu har furfura ta fito masa, ba a taɓa jin tsakaninsu ba.

Sai ƙodar Nangala ta gaza. Jirgin saman likitoci ne ya ɗauke ta, aka ba ta gado a masaukin marasa lafiya a can Alice Springs, ana ɗora ta a injin wankin jini. Waɗanda suka tafi ta wannan hanyar ba kasafai suke dawowa ba. Lorna ta zauna da ita wata da watanni, daga baya dole ta koma gida saboda jikoki. Abin da ya rage sai saƙo. Duk Litinin Jakamarra kan kai ƙullin da Lorna ta ɗaure, ya miƙa wa Biddy Nampijinpa a bakin ƙofar masaukin. Biddy kakarsa ce a lissafin dangi, ita ma injin ne ke riƙe da ita, ɗakinsu ɗaya da Nangala.

"Kai gurgu, har yanzu ba ka kashe motar nan ba?"

"Ke nake jira ki riga ta, Kaka."

"Zan riga ta ɗin, amma sai na ga ka koyi taka birki."

Wata Talata da safe yana ɗaure kaya a harabar gidan mai inda fasinja ke taruwa, sai ya hango wani jan ɗankwali can a bakin shinge. Ya san shi, don shi ya sayo Lorna ta kai wa uwarta. Bai tsaya tunani ba, ƙafarsa ce ta yi abin da ta saba. Ya saki igiyar, ya juya baya, ya ɗingisa zuwa bayan gidan man, ya tsaya yana kallon katanga. A ransa saƙo ta kawo, za ta ba wata daga cikin matan ta tafi. Ya ba ta lokaci mai yawa, don ya ji an ce tafiya na yi mata wuya. Da ya dawo babu kowa a bakin shingen. Matan suka ce tsohuwa ta tsaya jim kaɗan da jakarta, ba ta matso ba, sai ta koma cikin motar tasin da ta kawo ta. Ya tayar da mota suka kama hanya.

Kafin Litinin ta zagayo aka bugo waya ofishin majalisa cewa Nangala ta rasu. Mata suka fita bayan gari suka kafa zaman makoki, suka shafa farar ƙasa, aka daina kiran sunanta.

Shi ya je ya ɗebo 'yan uwa na gari don jana'iza. Biddy ta nemi izinin likita, ta zauna a kujerar da ke bayansa. Ba ta tsokane shi ba ranar. Sai da kwalta ta ƙare, ƙarar gargada ta rufe maganarsu, sannan ta matso da bakinta kusa da kunnensa. Ta ce tsohuwa ta gaya wa likitoci ta gaji da injin, gida take so, ta kwanta kusa da dutsen mahaifinta. Sun gaya mata in ta bari kwanakinta kaɗan ne, ta ce ta ji. Ta ɗaure jakarta, ta ɗauki bargon da za ta lulluɓe kanta da shi a kujerar ƙarshe, fuska ga taga. Biddy ce za ta rako ta ta yi masa magana, sai aka sauya mata lokacin injin zuwa safiyar.

"Da ta dawo na tambaye ta. Ta ce wancan ya juya baya, yana da gaskiya, bai kamata ta ɗora masa wannan nauyin ba. Ta ce mutumin kirki ne, iyayensa sun koya masa."

"Hanya na ba ta, Kaka."

"Na sani, jikana. Ita ma hanya ta ba ka."

Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya ce wa fasinja inji ya yi zafi. Ya buɗe gaban motar ya tsaya a wurin, ba wanda ya sauko ya tambaye shi komai, duk da kowa ya san injin lafiyarsa lau.

Bayan an binne ta, an watse, ya sami Lorna a gindin bishiya da kanta a aske, farar ƙasa ta bushe a goshinta. Ya zauna nesa kaɗan ya gaya mata duka, bai rage ba. Ta daɗe tana tona ƙasa da ɗan tsinke. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ce masa "ba komai" ba. Can ta ɗago.

"Kai ne na ƙarshe a gidanmu da ya gan ta a tsaye. Ta rame sosai? Yaya fuskarta take?"

Jakamarra ya nema a ransa ko akwai abin da zai ba ta, bai samu ba.

"Ban duba ba," ya ce.

Lorna ta gyaɗa kai a hankali, ta ci gaba da tona ƙasa.