Dutsen Safiyo a Murhun Yaya Hansatu

Ikara

Na bar gida ranar Laraba da ƙarfe biyar da kwata na asuba, cikin motar hatsi. Wani tsohon ɗalibina, ma'aikacin safiyo, wato masu auna filaye, shi ya rubuto mini cewa kasuwar Hunkuyi ta yi wa mutane kaɗan, za a yanka gonakin gefenta a yi tashar mota, har da gonar yayata Hansatu. Wanda bai kai lambar dutsen da aka kafa a gonarsa ofishin safiyo kafin Juma'a ba, ba za a musanya masa da wani fili ba. An manna sanarwa, amma da Turanci.

Makarfi

Mil talatin, awa uku da minti bakwai. Direba ya ce, "Baba, mai da agogon nan aljihu, ba shi ke tura motar ba." Na sha koko, na sake mota.

Hunkuyi

Na sauka da sha ɗaya da rabi, na zarce gonar. Babu dutse, sai rami. Na nufi gidan Yaya. Muna cikin gaisuwa da Yaya a tsakar gida, sai na hango dutsen cikin duwatsun murhunta, da lambarsa, ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "Yaya, wannan na gwamnati ne. Sauke tukunyar."

Ta ce, "Auta, tuwona bai nuna ba. Gwamnati ta jira. Tun da aka yi mini aure ban sami dutsen da ba ya gocewa ba sai wannan."

Na tsaya da agogo a hannu minti ashirin da biyu. Ni da ɗalibai ba su taɓa ganin haƙorana ba, na yi dariya har na zauna a kan turmi. Da na karanta wa maƙwabta wasiƙar ɗalibina da Hausa, wani ya kwance akuyarsa daga nasa dutsen, wani ya ciro nasa daga dokin ƙofa.

Komowa

Ranar Alhamis da hantsi muka dire duwatsu uku a gaban akawun ofishin. Ya goge toka da hannun rigarsa, ya rubuta lambobin, ya ce kowa zai sami fili.

Na iso Ikara da la'asar lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Bayan mako guda saƙon Yaya ya zo: fili ta gode, amma tukunyarta tana kan dutse biyu, in san yadda zan yi.