Hoton Mai Soya Kifi da Malam Sa'adu Ya Bar Mini

Ku yi haƙuri da ni, ban saba damun mutane a nan ba. Da safiyar yau ina shanya aka kira ni, aka ce Malam Sa'adu ya rasu.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Tare muke koyarwa a Bagudo, shi zane da ɗaukar hoto, ni Islamiyya. Da farko ko kallon kyamararsa ba na yi. Bai taɓa yi mini gardama ba. Wata rana dai ya ce, “Malama Hajara, shigo ki ga ikon Allah, ba ni ɗaukar ki.”

Ɗalibai sun toshe tagogin aji da barguna, sun bar huda ɗaya kamar ƙwayar wake. Da idona ya saba da duhu, sai ga titi a jikin bango, kai a ƙasa. Wani mai amalanke ya wuce a jikin silin. Na kama bakina.

Ya ce daga nan hoto ya faro, ɗaki mai duhu da 'yar huda. Ya ce hotunan farko sukan daɗe ana ɗauka, har duk mai tafiya ya ɓace, sai wanda ya tsaya cik.

Haka yake aikinsa da dare. Ya kafa kyamara a bakin hanyar Illo, ya hana ɗalibai kunna tocila. Fitilun manyan motoci su fito kamar zare, masu wucewa kamar hayaƙi. Yakan tsokane su, “Ku da ba ku iya zama wuri guda, hoto ma ba shi riƙe ku.”

Shekarar da ruwa ya ci gidanmu na Kaoje, hoton mahaifiyata guda ɗaya ya jiƙe. Shi ya gyara mini shi, kuma bai sake ta da zancen ba.

Yana da wata ƙa'ida. Duk wanda fuskarsa ta fito, sai ya wanke hoton ya kai masa har inda yake. In mutum ya ce a'a, nan take zai yaga.

Mako biyu da suka wuce na je duba shi. Ya sa matarsa ta miƙo mini ambulan. Hoto ne daga Lolo, daren jajiberin kasuwa. Kowa a ciki ya zama hazo, sai mace ɗaya mai soya kifi, ta yi tagumi kusa da aci-balbal tana kallon wajen kogi. Kafin ya naɗe kayansa ta shiga kwalekwale. Ya yi ta komawa Lolo, bai sake ganinta ba.

Ya ce, “Wagga baiwar Allah ban roƙe ta ba. Ke mace ta, kina shiga inda ba ni shiga. In na riga ku, kada shi wuce arba'in. In ba a gane ta ba, ki sa mashi wuta.”

Na ce, “Haba Malam, kai za ka kai mata.” Ya yi murmushi kawai.

Ɗalibansa suna so su baje hotunansa, kuma sun ce wannan ya fi duka. Ni ma hannuna ba ya son ashana. Amma ba zan ɗora shi a nan ba, don ba ta ba da izini ba. Sai dai in faɗa muku da baki: doguwa ce, tana da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, ta ɗaure kugu da gyale, kuma Malam ya ce ya ji tana ciniki da yaren Dendi. Wataƙila daga tsallake take, wajen ƙasar Binin.

Allah Ya jiƙan Malam Sa'adu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah ku sa shi a addu'a.

Wanda ya san wannan mata, ko ya san mai saninta, ya taimaka ya turo mini saƙo da wuri. Kwana arba'in ɗin sun fara daga yau.