Takardar Hammawa

Hammawa ya bar kiwo yana da shekara talatin, bayan ciwon huhu ya cinye masa shanu. Ya zauna a unguwar Ƙofar Dumi, ya kama rumfa a kasuwar Wunti yana sayar da dusa da ƙaiƙayi. Shi yake sauke buhunansa daga mota, ba ya yarda wani ya taɓa.

Sai wani kumburi ya fito masa a matsematsi kamar ƙwan zabo. Shekara shida yana ɓoye shi da manyan riguna. Ko matarsa Fatu sai da ta ga ya koma sallah a zaune sannan ta gane.

Da ta matsa masa, ya je wani ƙaramin asibiti. Aka duba shi a gurguje, aka rubuta kalma ɗaya doguwa a takarda. Ya ninke ta ya sa a hula. Wata biyu bai nuna wa kowa ba, don a ganinsa cutar da ba ta da suna da Hausa ba ta da magani.

Daga baya ya kai wa maƙwabcinsa Toma, tsohon ma'aikacin ɗakin tiyata da ya yi ritaya. Toma ya sa tabarau ya karanta.

"Haidirosil. Girkanci ne, Malam Hammawa. Farkon kalmar ruwa, ƙarshenta kumburi. Gwaiwa ke nan."

Hammawa ya yi dariya har da hawaye. "Gwaiwa kawai?"

Toma bai yi dariya ba. "In ka kwanta, yana komawa ciki?"

"Yana komawa. Har ƙugi yake yi."

"To ba ruwa ba ne. Tsofaffin likitocin da na yi wa aiki entarosil suke ce masa, kumburin hanji. Ƙaba ce. Ran da hanjin ya maƙale, ba ya jira. Gobe mu je babban asibiti."

Hammawa ya ce sai bayan Babbar Sallah, yanzu masu kiwon raguna suke neman dusa. A ransa kuma ya fi son maganar takardar, tunda likita ne ya rubuta.

Saura kwana tara Sallah, da hantsi, ya ɗaga buhu ya faɗi yana amai. Kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa. 'Yan kasuwa suka sa shi a keke mai ƙafa uku, suka kai shi babban asibiti. Aka yanke masa hanji kusan kamu ɗaya da ya riga ya mutu.

Ya rayu, amma an hana shi ɗaukar ko bokitin ruwa. Ƙanen Fatu ne yake riƙe da rumfar yanzu. Hammawa yakan je ya zauna a benci, ya rame, yana kallon ana sauke kaya. In buhu ya zame, jikinsa yakan zabura zai tashi, sai ya dafe cikinsa ya koma ya zauna.