Baba Ya Fasa

Ina yaro a Agege, akwai wani shago bayan layin dogo mai na'urar wasa da ta kai firji tsayi. A saman allonta an jera bulo launi-launi, a ƙasa kuma ɗan katako ne kana jan shi dama da hagu kana tare ƙwallo, ita ko tana tashi tana fasa bulon. Daga baya wasan ya ƙanƙance ya koma ɗan abin hannu mai batir, yau ga shi a cikin waya. Babanmu birkila ne, kuma ya tsani wasan nan. Cewa yake yi, wanda ya taɓa hawa bene da bulo a ka ba zai fasa shi don nishaɗi ba.

Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, mun yi ta kai shi gashi a asibiti wajen Idi-Araba. Ƙafa ta dawo, hannu ya ƙi. Likita ta ce sai yana motsa yatsun kullum, in ba haka ba za su sandare ke nan. Baba kuwa mutum ne mai zuciya. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurgar da ita ƙarƙashin gado, ya ce shi ba jariri ba ne. Ya fara zancen zai daina zuwa asibitin, a bar shi da abin da Allah ya ɗora masa. Tsoro ya kama ni sosai, don na san halinsa, in ya ce a'a magana ta ƙare.

Don rashin dabara na sa masa wasan a tsohuwar wayata, na ɗora masa babban yatsa a kan allon. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Rushe-rushe za ka koya min da tsufana?"

Na bar wayar kusa da matashinsa.

Wata Laraba ina rumfata a Oyingbo, saƙon ƙanwata ya shigo: "Yaya, Baba ya fasa." Washegari ce ranar asibiti. Na ce shi ke nan, ya fasa zuwa. Na kira ta, layi ya ƙi shiga. Na bar wa maƙwabcina rumfa na faɗa motar haya ta danfo, ina ta shirya kalaman roƙo a raina, cunkoso kuma kamar da gayya.

Na same su a tsakar gida ita da Baba, tana tankaɗe tana dariya.

"Lafiya ka dawo yanzu, abi kasuwa ta tashi?"

"Ba ke kika ce ya fasa ba?"

"Haba Yaya! Bulon ya fasa, duka, bai bar ko ɗaya ba."

Na zauna a bakin rijiya. Ban san ko in yi dariya ko in rufe ta da faɗa ba. Baba yana kan tabarma da wayar a gabansa, ko kallona bai yi ba.

"Ginin banza ne," in ji shi, "ba siminti a tsakani."

Na miƙa hannu zan karɓi wayar in gani da idona. Sai ya cafke min tsintsiyar hannu, ya ce in bari ya shiga mataki na gaba. Riƙon har da ɗan zafi, kuma da hannun dama ya riƙe ni.