Ƙanƙarar da Inna Ta Raba

A shekarar da nake tsakiyar bincikena na digiri na biyu a Sakkwato, azumi ya faɗo cikin bazara, kuma a cikinsa na tafi Maraɗi karɓo wani abu da duka-dukansa bai cika cokalin shayi ba. Sinadari ne, kwaikwayon wani homon da jiki ke yi don matse jijiyoyin jini, sai dai shi wannan mutane ne suka haɗa shi. Ba magani ba ne. Ana ɗiga shi a kan ƙwayoyin halittar da muke reno a ɗakin gwaji, a ga ko makarɓan da ke jikinsu za su gane shi su motsa. Namu da aka yi oda ya ƙi isowa, ƙwayoyina suna tsufa, wa'adin karatuna yana ƙaratowa. Sai wani abokin malamina da ya zo Maraɗi daga Yamai ya ɗibar mana daga nasa, daskararre a cikin 'yan robobi ƙanana. Abu ɗaya ya ja mini kunne a kai: kada ya ji ɗumi sai na kai shi firiza.

Na sayi kula, na shaƙe ta da ƙanƙarar leda, na tura ɗan akwatin robobin a tsakiya. Daga iyaka zuwa Sabon Birni a cinya na riƙe ta, ina hararar duk wanda ya matso. Kafin in iso garinmu Isa, motar Sakkwato ta ƙarshe ta tashi, kuma a shekarun nan ba direban da zai ɗauki hanya bayan la'asar saboda rashin tsaro. Dole na kwana gida, abin da dama raina yake so.

Na tarar da Inna tana sallah. Na ajiye kular a ɗakinta don ya fi ko'ina sanyi, na fice gaishe da Gwaggo, domin in ta ji a bakin wani cewa na shigo gari, sai an shekara ana maganar. Abin da na manta shi ne, a gidanmu duk abin da matafiyi ya shigo da shi ya dire a ɗakin Inna tsaraba ce. Tsaraba kuwa ba ta yini a hannunta.

Da na dawo, rana ta yi sanyi, na ga kulata a tsakar gida an wanke ta an kife. Ɗan akwatin yana saman jeren kwanonin Inna, an ajiye shi da mutunci. Ita kuwa sai murna take.

"Allah shi yi maki albarka," ta ce. "Ƙanƙarar Faransa cikin wanga zahi? Unguwag ga duk na aika masu."

Tsofaffinmu har gobe Faransa suke ce wa Nijar. Na buɗe akwatin. Robobin sun fara narkewa daga gefe, tsakiyarsu da sauran tauri. Ni mai saurin fushi ce, kowa a gidan ya sani, amma ranar fushin bai samu hanyar fita ba, sai hawaye. Na zauna a ƙasa ina kuka, ina jin haushin kukan.

Inna ta tsuguna. "Mi anka yi? Maganin wa na?"

Na ce ba na kowa ba ne. Na rasa ta inda zan ɓullo mata, sai na ce ta ɗauka ɗan aike ne, ya zo ƙofar gida ya yi sallama. Ni aikina in tsaya in ga ko na cikin gidan za su amsa. In ya ji zafi a hanya muryarsa na iya mutuwa, ya yi ta sallama ba mai ji, ni kuma shekarata ta tafi a banza.

Ta dubi kular. Na san abin da take aunawa. A garinmu mutum ya ba da kyauta ya koma ya ce a dawo da ita, abin kunya ne da ake goranta wa jikoki, balle a azumi, balle Inna da aka san ta da buɗaɗɗen hannu. Na ce bari in je da kaina in roƙe su.

"Ba ke kinka ba su ba," ta ce. "Ni za ni tahi."

Ta yafa mayafi, ta ɗauki babban kwano, na bi ta a baya. Abin da ya cece ni shi ne azumin kansa: ba a kira magariba ba, don haka ba wanda ya kai ko ɗigo bakinsa. Kowace mace ta naɗe tata a buhu ko tsumma tana lallaɓawa. A kowane gida Inna takan yi sallama, ta gaisa a tsanake kamar ba sauri muke ba, sannan ta sunkuyar da kai ta ce ta yi kuskure, ƙanƙarar nan ta karatun ɗiyarta ce. Wata Bafulatana 'yar ƙauyen Turba da ke sayar da nono ta miƙo tata tun Inna ba ta rufe baki ba. Wata kuma ta riga ta jefa tata a zoɓo, ta sa ludayi ta tsamo ta jawur tana dariya, ta ce in ilimin ya fito ja kada in zarge ta.

Gida ɗaya ne ya yi mana nauyi. Matar ta ɗauko, ta saka a kwanon, ta ce a hankali, "Yau mun ga tsarabar da ka komawa gida." Na buɗe baki zan mayar mata, Inna ta taka mini ƙafa. Ta yi godiya muka fito, amma na ga yadda ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

Abin da ya dawo bai kai rabi ba. Muka mayar da akwatin tsakiya, muka naɗe kular da bargo. Unguwar ta buɗe baki da ruwan randa saboda ni, kuma wannan ya fi komai sosa mini zuciya. Bayan an sha ruwa sai kwanonin da Inna ta aika da ƙanƙarar suka fara dawowa, don a wurinmu ba a mayar da kwano wayam. A cikin kowanne akwai ledar ƙanƙara, an je an samo ta wurin mai firizar sola a bakin kasuwa. Kular ta cika har murfin yana gardama, kuma haka na shiga motar safe da ita.

Sai bayan ƙaramar Sallah na yi gwajin. Na ɗiga wa ƙwayoyin sinadarin, na zuba wa na'urar awo ido, bakina yana motsi da addu'a. Layin da ke allonta ya ɗan tsaya a kwance, sannan ya ɗaga, ya ci gaba da hawa. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba. Tun ban cire safar hannu ba na kira gida.

Inna ba ta tsaya gaisuwa ba, abin da ba halinta ba. "Sun amsa sallamar?"

Na ce, "Sun amsa, Inna."

Na ji ta sauke numfashi, sannan na ji tana lalubar takalmi. Na tambaye ta ina za ta da rana tsaka haka. Ta ce za ta bi gida-gida ta sanar, ai ƙanƙararsu ce ta yi aikin. Na ce to ta tsallake gidan matar nan da ta yi mana gori.

"A'a," ta ce. "Da ita za ni hwarawa."