Tayoyin Gaban Motar Manaja

Shekara talatin da huɗu Mai Taya ya yi a rumfa ɗaya, a bakin titin da manyan motoci ke bi, tsakanin mai walda da mai sayar da batir. Kayan aikinsa ba yawa: jak biyu, injin iska mai tari kafin ya tashi, sifanu rataye a ƙusa, da rabin duro na baƙin ruwa inda yake nutsa taya ya nemo huji. Duk layin da abu biyu aka san shi. Ya iya taya, kuma matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Direban da bai kai ɗan cikinsa ba zai tsaya a kansa yana zazzaga masa rashin kunya, shi kuwa kansa a ƙasa, yana ta "to, to".

Tsoron da asalinsa. Yana saurayi taya ta fashe wa wata mota a gabansa tana tsala gudu, kuma yana cikin waɗanda suka ciro mutanen. Tun daga ranar ba ya ɗaura taya sai ya buɗe ƙofar direba ya duba 'yar takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙi: faɗin taya, kaurin gefensa, incin wili, wato ƙarfen da robar ke zama a kai. Karatunsa bai yi nisa ba, amma lambobin nan uku ba mai ja da shi a kansu. In direba ya bar rumfarsa, sai ya bi motar da ido har ta sha kwana, bakinsa na motsi.

Da wannan aikin ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya aurar da su. Autar ce ta auri wani ma'aikacin kamfani da kowa ke ce wa Manaja. Ba mugu ba ne. Irin mazan nan ne dai da gemu ya fito musu amma ba su gama wasan mota ba. Matarsa na da ciki wata bakwai, shi kuma abin da ya ga ya dace ya sayo shi ne motar tsere, ja, mai kujera biyu, ta kwanta a ƙasa kamar an taka ta. Inda za a sa jaririn in ya zo, bai ce ba.

Ya kawo ta rumfa da hoto a waya.

"Baba, wilin nan na kamfani inci sha takwas ne, bai cika ido ba. Ashirin nake so. Kuma duka huɗun masu faɗi, irin na bayan."

Mai Taya ya goge hannu, ya buɗe ƙofa, ya duba takarda. Ya zagaya motar sau biyu.

"Manaja, in wili ya girma, dole robar ta sirance. Robar nan kuwa ita ke shanye ramin hanya. Sannan ka ga na gaba sun fi na baya ƙanƙanta? Da gangan ne. Na gaba ke juyawa, suna son fili."

"Haba Baba, wannan fa ba motar ɗaukar itace ba ce." Ya yi dariya, ya dafa masa kafaɗa. "Ku dai tsofaffi, komai sai kun ga mutuwa a ciki."

"To. Amma ni ba zan iya ɗaurawa ba."

Iyakar abin da ya iya faɗi ke nan, shi ma da murya can ƙasa. Manaja ya wuce wani shago mai gilashi da masu riguna iri ɗaya, irin wuraren da ko tayar tarakta ka nuna da yatsa za su ɗaura maka, su kuma yaba maka zaɓi.

Kwana goma Mai Taya bai ji daɗin abinci ba. Matarsa ta gaji da ganinsa yana juya cokali.

"Malam, in magana ce ka je ka faɗa masa. Surukinka ne, ba zaki ba."

"Na faɗa."

"Ka faɗa wa ƙirjinka dai. Na san faɗarka."

Ran Asabar da hantsi sai ga jar motar da sababbin tayoyinta. Za su je wurin iyayen Manaja, tafiyar awa huɗu, hanya mai hawa da gangara, sun biyo su yi sallama. Manaja ya murza sitiyari har ƙarshe don ya shiga gaban rumfa, sai Mai Taya ya ji wata 'yar ƙara, gurr, gajeriya, kamar an ja buhu a kan siminti. Mai walda bai ji ba. Na cikin motar ba su ji ba, kiɗa suke sha.

Auta ta fito da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan ƙofa.

"Baba, ka ga motar surukinka, shiga da rarrafe, fita da addu'a."

Bai yi dariya ba. Ya durƙusa gaban tayar hagu, ya cusa hannu ta bayanta har kafaɗa, kumatunsa na goga roba mai zafi. Ya lalubo tiyon da ke kai man birki. Inda ya kamata ya ji santsi, sai ya ji kaushi, an cinye gefen. Ya zaro hannu. Yatsunsa biyu sun jiƙe da mai, tsinkakke, ba baƙi ba.

"Manaja," ya ce, "tayar nan tana cin tiyon birki."

"Baba, kwana goma ina hawanta, birki kamar ƙusa. Danshi ne kawai." Ya duba agogo. "Madam, shiga mu tafi, rana na yi."

Auta ta fara sunkuyawa za ta shiga. Mai Taya ya ga bayanta, ya ga yadda take tallabe cikin da hannu kada ya bugi ƙofa. Ya buɗe baki zai yi tsawa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, sai iska kawai ta fito. Ya waiga wajen jak. Ko ɗaya ba zai shiga ƙarƙashin wannan motar ba, ta yi ƙasa da yawa. Manaja ya riga ya zauna, ya tayar da inji.

A aljihun gaban rigarsa akwai ɗan ƙarfen da yake kwance allurar bawul da shi, bakin da ake ba taya iska. Ya ciro shi, ya suɓuce masa, ya tsinto shi a cikin ƙasa. Ya murza allurar tayar hagu. Iska ta fito da shewa. Ya rarrafa ta gaban motar, injin na huci a kunnensa, ya kwance ta ɗaya gefen. Siririyar roba ce, nan da nan hancin motar ya zauna a kan wili.

Manaja ya fito kamar zai tashi sama.

"Me ka yi? Baba, me ka yi min haka? Ka san wilin nan kuwa? Don ban ba ka aikin ba shi ne za ka wulaƙanta ni a titi?"

Mutane suka fara taruwa. Mai Taya na durƙushe, allurai biyu a dunƙule cikin tafinsa, ya kasa ɗaga ido.

"Ka taka birki," ya ce.

"Me?"

Mai walda ya ajiye gilashin fuskarsa ya matso. "Ranka ya daɗe, taka mana. In ƙarya yake, ni da kaina zan ba ta iska."

Manaja ya koma ciki yana huci, ya taka.

"Da ƙarfi," in ji Mai Taya. "Kamar akuya ta shigo maka a gangara."

Ya taka da ƙarfi. Sau ɗaya, sau biyu. A na uku ƙafarsa ta tafi har ƙasa, mai ya yi tsartuwa ta bayan tayar, ya zana layi a kan ƙasa har kusa da takalmin Auta.

Manaja ya daɗe a zaune, ƙafarsa a kan abin da ya daina zama birki. Da ya fito, godiya ba ta zo bakinsa ba, ina, namiji ne. Waya ya ciro ya koma gefe yana yi wa masu shagon gilashi ihu, kamar su suka kawo masa hoton.

Mai walda ya kama Mai Taya ya zaunar da shi a benci. Auta ta zo ta zauna kusa da shi, hannayenta biyu a kan cikin, idonta a kan layin man.

"Baba," ta ce a hankali, "da mun kai ina?"

Ya san wurin. Gangaren farko ne bayan gada, inda kowa ke taka birki da dukkan ƙarfinsa saboda kwanar da ke ƙasa. Ko awa ɗaya ba za su yi ba.

"Matso nan," ya ce mata. "Gefen da kike zaune akwai ƙusa."