Salular Ɗan Kabu-kabu

Na daɗe ina gyaran salula a kasuwar Dungas, har aikin ya ishe ni, amma akwai ranar da ta ƙi barin raina. Wani manomi daga Guci ya kawo mini salular ƙanensa, ɗan kabu-kabu mai haya da moto, wato babur, da mota ta kashe. Tsohuwarsu ke son hotonsa, kuma ba su da wani sai na cikin salular, ga shi ta lalace.

Na buɗe ta. Alluna biyu ne, babba da ƙaramin na caji, mahaɗarsu ta tsinke. Na ɗaure su, na bi siraran wayoyi da dalma ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ruwa. Wajen azahar ta kawo wuta, ta kama rezo, wato layin sadarwa.

Sai aljihun manomin ya yi ƙara. Ya ciro tasa salular ya danna. Muryar mamacin ce, ga iskar moto a bayanta: "Yaya, ku aje mini tuwo, ga ni nan tafe."

Na ce masa tsohon saƙo ne da ya maƙale, yanzu ya samu hanya. Bai dube ni ba. Ya ce, "Malam, kashe ta. Hoton ma a bar shi."